Jarka Mai Jan Murfi

Litinin, bayan azahar

Yaya Aina'u, abin da nake nema mutum ɗaya ne da ya iya karatun boko, ya karanta min rubutun da ke jikin wata jarka, ya gaya min me aka ce a yi in yaro ya sha, sannan ya kama bakinsa. Shi ke nan abin da nake nema.

Ni ce, Ikilima. A wayar da Malam Zaharaddini ya ba ni nake magana, mai kawo baƙi gonar inabin nan, wadda yake turo min murya a ciki ya ce Asabar mutum goma sha biyu ne, a ƙara dambu. Na danna abin yana ɗauka. Ba zan tura miki ba tukuna. Ina bayan rumbu ne, shi ya sa kike jin muryata ƙasa-ƙasa.

Yarinyar tawa ce ba lafiya tun ranar Asabar. Amai, zufa, miyau yana ta dalala kamar mai haƙori, alhali shekararta uku. Yau da sauƙi, ta sha koko cokali huɗu. Inna, surukata, ta ce zafin rana ne. Kowa ya shigo sai ya ce zafin rana ne.

Na wanke ta fa, jarkar. Da toka, da omo, da yashi. Sau uku. Na kife ta a kan danga kwana biyu rana tana dukanta.

Talata, da sassafe

Kaji biyu sun mutu a bayan ɗaki, inda na zubar da abin da ke cikin jarkar. Na binne su kafin Inna ta idar da lazimi.

Laraba, bayan la'asar

Bari in gaya miki yadda ake yi, don rabonki da garin nan tun ba a kafa rumfunan ba.

Duk Asabar da hantsi motar baƙi take zuwa daga Kano. 'Yan Abuja, 'yan Legas, wani lokaci har da Bature. Malam Zaharaddini ya sa malafa ya shige gaba, ya zaga da su ƙarƙashin rumfunan inabi, ya ba kowa almakashi ya yanki nono ɗaya da hannunsa, a yi ta hoto. In sun gama sai ya ce, "To, masu alwala su tsaya nan gindin mangwaro, masu ƙishirwa su biyo ni." Kullum sai ya faɗa, kullum sai sun yi dariya. Masu sha ya tsallaka da su rafi, unguwar su Roda, ƙawata Bamaguzar nan 'yar coci. Surukinta Baba Buwai shi ke jiƙa inabi a tulu har ya zama giya, ya zuba musu a 'yan ƙananan ƙore, su shinshina, su kurɓa, su yi ta gyaɗa kai. Waɗanda ba sa sha ni nake ba su nawa, wanda na matse jiya-jiya daga inabin da tsuntsu ya tsaga. Sai kowa ya dawo a shimfiɗa tabarmi. Dambun zogale, waina da taushe, kwaɗon rama. Ni ke dafawa.

Da a bokiti nake kai ruwan inabin. Ya yi ta zuba a hanya, ga ƙuda. Ni na ce wa maigidan ya samo min jarka mai murfi. Ni na ce. Shi ne mai feshi a gonar, kin sani. Ya zo da biyu na maganin feshin a cikin buhu, farare tas, murfi ja. Ɗaya na ba Roda, don ta daɗe tana cewa Baba ba shi da abin zuba nasa in ya tace. Tata na kankare takardar jiki da wuƙa kafin in ba ta, don maigidan ya ce kar a gane daga ina take. Tawa na bari, na ce in na samu sarari.

Ranar Juma'a da yamma na cika tawa. Asabar da safe yarinyar ta zo da kofinta ja ta tsaya. Ba ta roƙo, tsayawa kawai take yi. Kofi ɗaya da rabi.

Sai da zan ɗora a kai na ce bari in ɗanɗana. Wani wari, kamar kananzir an haɗa shi da tafarnuwa. Na juye duka a bayan ɗaki, na dafa zoɓo a gurguje. Ruwan inabin, baƙi ba wanda ya sha. Wannan kam ba wanda ya sha.

Ina cikin zuba abinci na hango ta a jikin saiwar mangwaro ta dafe ciki. Ta yi aman farko. Inna ta taso ta ɗauke ta tana cewa, "Hure, me kika ci?" Ni ban motsa ba. 'Yar fari ce, Yaya. Ga Inna, ga mazan gari, ta yaya zan yar da ludayi in ruga? Ko sunanta ban taɓa kira a gaban mutane ba. Kuma ga wata Hajiya 'yar Abuja ta saita min waya tana cewa, "Ƙara yi, ƙanwata, hannunki bai fito ba." Sau uku na kwashe mata dambun nan na mayar na sake kwasowa. Ta ce ina da kunya, abin sha'awa.

Sai da motar ta tashi na shiga gida.

Alhamis, da hantsi

Ta tashi. Tana bin akuya a tsakar gida. Alhamdu lillahi. Ƙila ma zafin ranar ne.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Na gaya wa babanta. Ina zuba masa ruwan wanka na gaya masa, bayana a juye.

Sai ya ce, "Ba kin ce kin wanke ba?"

Na ce na wanke.

"To in kin wanke ba ita ba ce."

Na ce kajin fa?

Ya ce, "Kaji kullum mutuwa suke da bazara." Sai ya matso. "Ikilima, kin tuna Tahir? Jarka ɗaya aka gani a gidansa. Ɗaya. Alhaji mai gonar ya ce a huda a binne, shi bai huda ba. Yanzu yana ina? Yana Kano yana tura ruwa. Gonarmu ta gado in kika shimfiɗa tabarma goma ta ƙare, mu shida a kanta. In aka kore ni me za mu ci? In maganar ta fita aka ce ana ba baƙi guba, motar nan ba ta sake zuwa. Ke da Roda da masu waina duk ku zauna."

Na ce a kai ta asibiti ko a duba.

"A ce musu me? Ga ta can tana wasa." Sai ya ce, "In kika faɗa wa wani, ban yafe ba."

Bai taɓa gaya min wannan kalmar ba, shekara biyar.

Ya ɗauki jarkar ya tafi da ita ya ƙona. Bai san na ɓare takardar tun shekaranjiya ba. Tana cikin kwalla ta uku daga ƙasa, a ninke cikin tsumma. Akwai hoton kifi a jiki, da na safar hannu, da ƙoƙon kan mutum. Hotunan na gane. Rubutun ne ƙanana-ƙanana kamar tururuwa.

Asabar, da yamma

Mutum tara yau. Zoɓo na kai. Malam Zaharaddini ya ce, "Uwar girki, ina ruwan inabin? A gonar inabi a ba mutum zoɓo, ai sai su ce mun yaudare su." Na ce tsuntsu bai tsaga da yawa ba wannan satin. Ya ce to a gaishe da tsuntsun, ya ƙara himma.

Wani Bature ya dawo daga tsallaken rafi fuskarsa ja, yana ta cewa Baba Buwai, Baba Buwai, yana ɗaga babban yatsa. An ce wanda ke tulu yanzu ya fi na bara, nan da sati biyu za a buɗe shi, ranar babban yanka, mota biyu za su zo.

Na ji maganar na ci gaba da wanke kwanuka.

Lahadi, da azahar

Babanta ya dawo daga kasuwar Ɗambatta da yogot mai sanyi a leda. Ya wanke hannu har sau uku kafin ya ba ta. Ya ɗora ta a wuya ya zaga gidan da ita yana kukan jaki. Ba mugu ba ne, Yaya. Kar in kin ji wannan ki ce mugu ne.

Laraba, da hantsi

Ta faɗi sau biyu daga ƙofar ɗaki zuwa randa. Ba tuntuɓe. Ƙafar ce kawai ta lanƙwashe.

Inna ta ce rawar kai ce irin ta ubanta.

Alhamis, bayan la'asar

Takalminta yana zamewa ba ta sani ba. Sai ta yi tafiya da ƙafa ɗaya ba takalmi, in ce ina ɗayan, ta duba ƙasa tana mamaki.

Na wanke jarkar nan fa. Har goga na yi da soson buhu.

Asabar, da rana tsaka

Ba na iya magana yau. An ci, an tafi.

Litinin, da hantsi

Rarrafe take yi. Yarinyar da ke tsere da akuya.

Inna ta karɓo rubutu wurin malamin unguwa, an ba ta ta sha, an shafe ƙafafun. An yi hayaƙi. Matan maƙwabta sun shigo sun jeru a bakin gado. Wata ta ce shan inna ne, wata ta ce ai an ɗiga mata maganin, sau nawa ma. Wata ta ce baƙin nan ne, kowa da irin idonsa, ga hoto da suke ta ɗaukar yara, wa ya san inda suke kaiwa. Inna ta ce daga yau ba za a sake fita da ita gindin mangwaro ba.

Ina zaune a ƙofa ina tsince shinkafa. Aka ce, "Ikilima kam akwai dauriya, ko a jikinta." Yabo ne fa suke yi.

Da suka fita na shiga na ɗaga ƙafar na matsa tafin. Na ce kina ji? Ta ce, "Umma, tururuwa." Na duba, ba tururuwa.

Litinin ɗin dai, bayan magariba

Na ce wa babanta ka gani? Ya ce ya gani. Na ce to? Ya fita ya bar tuwon.

Talata, da la'asar

Roda ta zo dubiya da ƙwai shida a ƙwarya. Ita ba ta iya shigowa shiru ba. Tun daga zaure take cewa, "Ina kishiyar tawa, mai ƙwace min miji? Tashi mu dambace." Yarinyar ta yi dariya, ta yunƙura za ta tashi. Roda ta ga yadda ta yi. Ta ajiye ƙwaryar a hankali.

Ta ja ni waje ta ce, "Maman Hure, wannan ba na hayaƙi ba ne. Ku je asibiti."

Na ce babanta yana shawara.

"Shawara da wa? Da ƙafar?"

Don ta sauya magana sai ta ce, af, jarkar nan da kika ba ni tana nan a rataye, ko ruwa ban bari an zuba ba, Baba ya ce tasa ce. Jibi Alhamis zai tace ya zuba a ciki, ya kwana biyu ya kwanta kafin baƙin Asabar. Ta ce har ya ce a yi min godiya, wai Musulma ta ba da gudummawa.

Na raka ta har bakin rafi. Bakina ya buɗe sau biyu. Na ce ta gaida gida.

Laraba, da sassafe

Mota biyu. Mutum talatin ko fi. Kuma Baba Buwai shi ke fara kurɓa kafin ya ba kowa.

Laraba, da azahar

In na faɗa, bai yafe ba. In mijinki bai yafe miki ba ina za ki? Haka aka gaya mana tun muna yara, ke ma kin ji.

Na fito da takardar na mayar. Na fito da ita na mayar. Ta fara yagewa a wurin ninkin.

Yarinyar ta ce in goya ta. Na goya ta a tsakar gida, a gaban Inna. Ƙafafun suna reto a gefena kamar ba nata ba. Inna ta kalle ni, ta kau da kai.

Alhamis, da yamma, a asibiti

Yaya, muna asibiti a Ɗambatta. Bari in faɗa miki a jere.

Da babanta ya fita gona da safe na goya ta, na soke takardar a ɗankwali. Inna ta ce ina zuwa? Na ce tsallake. Ban tsaya jin amsa ba.

Na tarar da Baba Buwai a gindin tsamiya ya baje kayansa. Tulu uku, farin ƙyalle na tata, mazurari. Jarkar tana gefensa, murfin a buɗe. Ya ce, "A'a, ga mai jarka da kanta. Zo ki sa albarka, ko daga nesa ne."

Ban gaishe shi ba ma. Na miƙa wa Roda takardar na ce karanta min. Ta yi aji shida, tana bi da yatsa, bakinta yana motsi. Ta kai tsakiya ta tsaya. Ta kalli jarkar, ta kalli bayana.

Ta ce, "Daga jikin me kika ɓare wannan?"

Na ce 'yar'uwar waccan.

"Hure ta sha?"

Na ce kofi ɗaya da rabi. Yau kwana goma sha tara.

Ta ce, "An rubuta kar a sake zuba komai a ciki ko an wanke. An rubuta in an sha a tafi asibiti a take, a tafi da takardar." Ta sake cewa, "A take, Ikilima."

Na ɗauka za ta zage ni. Na so ma ta zage ni. Juyawa ta yi ta faɗa wa Baba. Tsohon ya ajiye mazurarin. Ya ɗauki jarkar ya kai hanci, ya daɗe. Ya ce, "Shekara arba'in ina haɗa abin da ke kayar da ƙarti, ban taɓa kashe ko ɗaya ba." Ya zaro wuƙa ya huda ta a gindi, ya sake hudawa, ya sake. Sannan ya ƙwala wa ɗansa kira ya ce ya fito da babur. Ya ce min, "'Yata, hau. Kuka a hanya ma ana yi."

Mu uku a babur har da Roda, yarinyar a tsakiya.

A wurin yankar kati malamar ta ce sunan yarinya? Na waiga wurin Roda. Malamar ta ce, "Ke na tambaya, ba ke ce uwar ba?" Na ce Hure. Ta ce ɗaga murya. Na ce Hure Sama'ila. Sunaye biyun da ban taɓa faɗa a gaban mutane ba, a layi, kowa yana ji.

Na ba likita takardar. Ya karanta, ya buga gwiwarta da 'yar guduma, ƙafar ba ta yi komai ba. Ya ce yaushe? Na faɗa. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Juma'a, da hantsi

Sun ce irin wannan maganin haka yake yi wani lokaci. Ya lafa kamar ya tafi, sai bayan sati biyu ya sauka a jijiyar ƙafa. Sun ce za a riƙa yi mata gashi da motsa ƙafar. Wata da watanni. Na ce za ta taka? Likita ya ce yara suna ba da mamaki, mu sa rai, amma ba zai yi min alkawari ba.

Na tambayi malamar, na ce da na kawo ta ran da ta sha fa? Ta ci gaba da rubutu. Ta ce, "Riƙe min hannunta in sa ruwan."

Asabar, bayan azahar

Yanzu haka suna gindin mangwaro. Ban san wa ya yi musu dambu ba.

Malam Zaharaddini ya kira tun da safe, ya ce uwar girki ina kika shiga, mota biyu fa. Na gaya masa duka. Ya ce, "Baƙina sun sha?" Na ce a'a. Ya ce alhamdu lillahi. Sai kuma ya ji abin da ya faɗa, ya ce, "Yi haƙuri. Ya jikin yarinyar?" Ya ce dole ya gaya wa Alhaji, don akwai sauran jarkoki a gidajen mutane, ya sani, kowa ya sani. Ya ce zai roƙa wa babanta, amma bai san me Alhaji zai ce ba.

To ga waɗanda na faɗa wa, Yaya, don in kin ji a bakin wani kar ki ce na ɓoye miki.

Roda da Baba Buwai. Likita da malamar. Malam Zaharaddini. Inna ta zo jiya da kunu a fulas, na faɗa mata, ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska, har ta tafi ba ta buɗe ba.

Babanta ya zo ɗazu. Bai shigo ba, ta taga ya tsaya. Na je na ce masa na faɗa, kowa ya ji. Ya ce, "Na sani." Na tsaya ko zai ƙara wani abu, ko ya janye waccan kalmar. Yana ta kallon gadon. Ya ajiye yogot a bakin tagar ya juya.

Sai ita. Da ta farka na zauna a bakin gadon, na ce Hure, kin tuna ruwan inabin da kika sha ran nan? Shi ya sa miki ciwo a ƙafa. Ni na zuba miki.

Ta ce, "A kofina ja?"

Na ce e.

Ta yi tunani. Ta ce, "Da zaƙi, Umma."

Su ke nan na faɗa wa.